Mutumin da Bai Yi Tafi Ba

A kujerar ƙarshe, dab da ƙofa, wani dattijo ne zaune cikin riga mai sabuwar guga, ya dafe gwiwoyi kamar mai jiran sakamakon asibiti. Yatsunsa duk tabon ƙunar sinadari ne. Can gaba ana miƙa wa wata 'yar jarida lambar yabo, saboda ta tona asirin masana'antar jimar fata da ke malalo dafi cikin rijiyoyin unguwa.

"Akwai wanda ya buɗe mini ƙofa daga ciki," in ji ta. "Ba zan faɗi sunansa ba."

Zaure ya kaure da tafi. Mai ɗaukar hoto na zagayowa, sai dattijon ya cusa hannayensa ƙarƙashin cinya.

Budurwar da ke gefensa ta raɗa masa, "Baba, kai fa ake nufi."

"Ke, rufa mini asiri. Gobe ina da aiki."

Ashe har yanzu a masana'antar yake neman tuwon iyalinsa. Ya karkato hula ta rufe goshi, ya sulale waje kamar shi ne mai laifin, tafin da ake yi dominsa na bin sa a baya.