Ranar Zaɓe da Ƙaramar Safaya

Shekarun baya, lokacin da jam'iyyu suka cika ƙasa kowa ya zama ɗan siyasa, ina koyarwa a wata lekwal a Maraɗi, kuma ba wanda ya kai ni surutun dimokuraɗiyya a majalisarmu ta Sabon Gari. Ina da wata tsohuwar mota da na saya hannun wani ɗan kasuwa. Fiye da shekara ina hawanta, amma ban taɓa buɗe but ɗin baya na dubi tayar safaya da ke ciki ba. Ya ce akwai, na ce to.

Ana saura kwana uku zaɓe mahaifiyata ta tafi Jiratawa ta'aziyyar mijin ƙanwarta. Ita kuwa katin zaɓenta na Tsibiri ne, can garinmu. Kafin ta tafi sai da ta riƙe hannun rigata ta ce, "Ran zaɓe ka zo ka ɗauke ni. Duk tsawon rayuwata takarda guda ake miƙa min a ce in jefa. Wannan karon da aka ce mutum shi zai zaɓa da kansa, ba za a yi ban da ni ba."

Ranar zaɓe da safe na leƙa rumfar zaɓenmu na tarar da layi har bakin titi. Na ce bari in ɗauko Inna tukuna, da yamma layi ya ragu sai in zo in jefa tawa. Na biya na ɗauki abokina, wani bakanike Kirista ɗan Tsibiri da muka taso tare, shi ma can zai yi zaɓe. Jam'iyyarmu ba ɗaya ba, don haka gardama muka yi ta yi har Jiratawa.

Gidan makoki ba a shiga a fito da gaggawa. Aka yi gaisuwa, aka yi addu'a, aka kawo fura, aka ce sai mun ci tuwo. Ba mu taso ba sai bayan la'asar, da buhun albasa da ƙunshin zogale da aka haɗo Inna da su daga lambu.

Ba mu yi nisa da garin ba na ji bayan motar yana rawa. Na tsaya. Tayar baya ta dama ta kwanta, ƙusa ta shige ta. Na ce wa Inna kada ta damu, minti goma ne. Na buɗe but da taƙama na jawo safaya, na jingina ta jikin motar. Abokina ya dube ta, ya dubi sauran tayoyin, sai ya zauna a bakin hanya yana dariya har da riƙe ciki. Safayar kamar ƙanwar sauran take, ko kusa ba ta kai su tsayi ba.

"Mushe," in ji shi, kamar yadda ake kiran malamin lekwal, "wannan ta wace mota ce?"

Na ce ai taya taya ce, ramukan ƙusa sun dace, mu ɗaura mu tafi. Ya daina dariya ya ce a'a. Ya ce motar nan da tayoyin baya take ja, in aka sa babba gefe guda ƙarama gefe guda, kafin mu isa Tsibiri mun ƙona abin da ya fi taya tsada. Masu faci kuma duk suna layin zaɓe. Dabara ɗaya ce: a cire lafiyayyar tayar gaba a mai da ita baya, ƙaramar a ɗaura ta gaba.

Aiki ya zama biyu. Muka ɗaga gaba da jak muka sauya, muka sauke, muka koma baya muka sake ɗagawa. Ƙusa ɗaya ta cije, sai da abokina ya hau kan sifana da ƙafa biyu ta saki. Inna na zaune gindin wani itacen bedi, katinta a ƙulle a bakin zane, tana duban rana lokaci-lokaci. Duban nan ya fi faɗa ciwo.

Da muka gama, motar ta karkace kamar mai ɗingishi. Abokina ya mai da buhun albasa gefen hagu, ya roƙi Inna ta koma can ita ma don a rage wa ƙaramar nauyi. Ya ce kada in wuce talatin, kada in taka birki da ƙarfi, in riƙe sitiyari da hannu biyu don za ta riƙa fizga dama. Haka muka shigo Maraɗi, masu keke suna wuce mu suna waiwaye. Wani da ya san ni ya ɗaga murya, "Mushe, motarka ta yi targaɗe!"

Da muka zo daidai Sabon Gari na hango rumfarmu, layin ya ragu amma bai ƙare ba. Na dubi agogo. In na tsaya, Inna ta rasa. Na ce wa abokina ya karɓi motar ya kai ta. Ya sosa ƙeya ya ce shi fa gyara ya iya, permin tuƙi ba shi da shi, ga jandarmomi a bakin gari.

Inna ta ce, "Sauka ka yi naka, kai ne mai boko. Ni tsohuwa mi ƙuri'ata za ta ƙara?" Da bakinta ta faɗa, amma hannunta na kan ƙullin zanen nan. Na wuce.

Mun isa Tsibiri rana ta yi ja, ana shirin rufe layi. Abokina ya ruga ya shiga layi. Inna kuwa, mutane suka gane ta suka matsa mata. Na riƙe hannunta har bakin ƙofa, daga nan ta karɓe abinta ta shiga ita kaɗai. Ta daɗe a ciki. Ta fito tana duban tawadar da ke yatsanta kamar sabon lalle. Na matso na raɗa mata, "Inna, wa kika jefa wa?" Ta ce, "Wanda na ga dama." Har ta koma ga Allah ba ta faɗa min ba.

Ni dai ban yi zaɓe ba a ranar. Makonni aka yi ana min tsiya a majalisa, wai mai wa'azin dimokuraɗiyya ƙaramar taya ta hana shi jefa ƙuri'a. Bayan haka abubuwa da dama sun faru a ƙasa, gwamnatin da aka zaɓa ma ba ta yi nisa ba sojoji suka dawo. Na jefa ƙuri'u masu yawa tun daga lokacin, wasu na manta wa na ba. Amma in aka tambaye ni wane zaɓe ne na fi jin na yi wani abu a cikinsa, wannan nake faɗa, wanda yatsana bai ga tawada ba.