Mai Gadon Akwatin Okabe

Okabe Fumie ta tsufa a sashen sanarwa na ofishin gunduma, kuma abu ɗaya take yi wa abokan aiki naci a kai: in za ka rubuta wa jama'a, fara tuna wanda zai karanta. Har akwati ta haɗa don koyarwa. A ciki akwai tabarau da ta goga wa yashi ya dushe, da safar hannu mai kauri. Sai ta sa mutum ya saka su, ta miƙa masa waya, ta ce ya nemo ranar kwashe shara a shafin intanet na gunduma.

Sukan yi dariya, su rusuna, su ce sun ƙaru. Washegari a koma gidan jiya, a cika rabin shafi da gaisuwar sanyi da zafi kafin a zo kan magana. Wanda ya fara ɗaukar darasin kuwa, Afrilu na zuwa a yi sauyin ma'aikata na shekara, a jefa shi wani sashe. Ita kaɗai aka manta a kujerarta. Shinkafar rana ma ita kaɗai take ci, kuma abin yana damunta ƙwarai.

A shekararta ta ƙarshe aka kawo Tsuda, wani mai surutu daga sashen haraji. Burinta ɗaya, kada aikin ya bi ta gida.

Ranar da Tsuda ya saka tabarau, ya kira ta da "san" na girmamawa, ya ce, "Okabe-san, wannan tabarau naki ai azaba ne! Ko maɓallin ban gani ba."

"Haka mahaifiyarka take gani kullum. Ci gaba da nema, malalaci."

Ya ci gaba da nema. Tun daga ranar ba ya sakin sanarwa sai ya gwada ta a kan tsofaffin da ke bencin jira.

Ana saura kwanaki ta ajiye aiki, ya zo ya tsaya gaban teburinta yana sosa ƙeya.

"An tura ni sashen ruwa."

"To," in ji ta.

"Ki ba ni akwatin mana. Su ma can suna rubuta wa mutane."

"Dariya za su yi maka."

"Na sani. Ai ni ma na yi miki."

Ta jawo akwatin ta ɗora masa a hannu. Ta daɗe tana jiran wannan rana, ta zaci murna za ta yi. Amma da ta ga bayansa ya nufi matakala shi kaɗai, tausayinsa ne ya kama ta, don ta san irin zaman da ke jiransa.