Mutumin Nan a Kwarin Hatta

A garin nan na ƙasar Larabawa ruwan sama baƙo ne, sai ya ga dama yake leƙowa cikin sanyi. Jiya da hantsi ina shanya a baranda sai ga yayyafi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso daga filin da ake gini a bayanmu. Yaran maƙwabta suna ta ihun murna. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, kamar yadda ya saba tun ina 'yar shekara tara.

A lokacin muna zaune a wani ɗan fulat a unguwar Al Rigga. Baba yana aikin kago a unguwar Naif, yana ɗaure wa 'yan kasuwar Kano kayansu yana aikawa gida. A shekarar aka kawo Kaka, mahaifiyarsa, don a yi mata aikin ido, ta zauna da mu har sanyi ya shigo.

Baba ɗan farinta ne. In a gida ka tashi, ka san nauyin wannan magana. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa. In ya durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. "Mutumin nan" take ce masa, saƙo kuwa ta bakina yake bi, ko da yana zaune a gefen tabarmarta. A gida mai zaure da tsakar gida, kunya tana da wurin sakewa. A ɗaki biyu da falo kuwa, sai ka ga suna ta kauce wa juna a bakin ƙofa, ni ina gefe ina ƙunshe dariya.

Da aka cire mata bandeji ta fara gani tar, Baba ya ce lallai sai ta ga duwatsun Hatta kafin ta koma. Ranar hutu Umma ta cika kula da dafa-duka, muka kama hanya. Dogayen benaye suka ƙare, jan rairayi ya karɓa, can sai ga duwatsu tsirara, baƙaƙe, ko ciyawa babu. Titin yana murɗewa yana hawa, masu yawon buɗe ido suna tsayawa gefe suna ɗaukar hoto. Kaka tana riƙe da carbi, kowace kwana sai ta ce, "Hasbunallahu."

Muka ajiye mota a sama, muka gangara da ƙafa cikin wani kwari, irin wanda Larabawa ke kira wadi. Hanyar ruwa ce da ta bushe ƙayau, ƙasanta tsakuwa mai santsi, dutse ya yi mata bango hagu da dama. Ga inuwa, ga shiru. Baba ya ce ba mu da wurin da ya fi nan, ya shimfiɗa tabarma. Muka yi sallar azahar, aka zuba abinci.

Kaka ba ta sa hannu ba. Sabon idonta yana kan bangon dutsen, inda busassun karmami suka maƙale a tsagi, sama da tsayin mutum. Ta ɗaga hanci ta shaƙi iska, ta sake shaƙa.

"Ki ce wa mutumin nan a kan hanyar ruwa muke zaune."

Na faɗa, ko da yake ya ji. Baba ya yi dariya. "Ki ce wa Hajiya nan ba Kano ba ce. Ga rana fes, ina hadarin yake?"

"Ki ce masa ba nan aka yi ruwan ba. Can bayan dutse aka yi shi, yana tafe."

A ƙauyen gindin dutse ta girma, inda rafi kan cika ya tumbatsa alhali ko ɗigo bai sauka a kanka ba. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta damƙi hannuna, ta nufi hanyar da muka gangaro. Umma ta dubi Baba, ta dubi surukarta, ta bi mu.

"To, kalas, shi ke nan," in ji Baba. "Ku hau, bari in tattara kayan."

Hawan ya ba Kaka wuya. Gwiwoyinta suna ƙara, numfashinta yana fita da kyar, amma ba ta saki hannuna ba. Muna tsakiyar hawa wata iska mai sanyi ta biyo kwarin, ɗauke da ƙamshin ƙasa. Sai kuma wani ruri daga nesa, kamar tifa tana juye duwatsu.

Baba mutum ne mai tsari. Yana can ƙasa yana ɗauraye faranti da ruwan gora ɗaya bayan ɗaya, ya juya wa kwanar kwarin baya. Daga inda muke muna hango abin da ba ya gani: wani abu ruwan ƙasa, mai kumfa, yana turo rassa da duwatsu a gabansa.

"Baba!" Ya ɗaga hannu bai waiwayo ba, wato ina zuwa.

"Alhaji! Alhaji!" in ji Umma, don ita ma bakinta bai saba da sunan miji ba.

"Shwayya, shwayya," ya amsa da Larabci, wato a hankali, ya sunkuya yana naɗe tabarma.

Sai Kaka ta saki hannuna. Ta kira shi. Sunansa na yanka, cikakke, da wata murya da ban san tana da ita ba, har duwatsun suka maimaita. Tabarmar ta suɓuce daga hannunsa. Ya ɗago, suka haɗa ido.

"Bar komai ka hawo!"

Ya sheƙo da gudu. Yana kama dutsen farko ruwan ya iso, ya doke shi a ƙwauri, ya fizge takalminsa ɗaya. Na ga yatsunsa suna zamewa. Umma ta kwanta rub da ciki ta cafki wuyan rigarsa tana salati, ni na riƙe ƙafarta, har Allah Ya ba shi sa'a ya ɗora gwiwa. Tabarma da kula muna kallo suka yi juyi biyu suka ɓace.

Ya zube a gaban Kaka yana haki, tafin hannunsa duk jini. Ita kuwa ta riga ta ja mayafi ta juya fuska wajen dutse. Carbinta kawai take ja, ƙas-ƙas-ƙas.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Sai da muka fita daga duwatsun ta taɓa ni. "Ki ce wa mutumin nan in ya ga masallaci ya tsaya ya yi raka'a biyu." Baba yana tuƙi da ƙafa ɗaya ba takalmi, yana share ido da hannun riga.

Ba ta sake kiran sunan ba har ta koma ga Mahaliccinta, Allah Ya haskaka makwancinta. Bayan rasuwarta Baba ya gaya mini cewa da "Alhaji" aka yi ta kira, ko sau goma ne, da sai ya gama naɗe tabarmar nan.

Yanzu an faɗaɗa titin, an kafa alluna a bakin kwaruruwa, waya ma takan yi gargaɗi in ana sa ran ruwa. Ni ɗan farina sunansa nake kira gatsal, daga asuba har magariba, ba na jin komai. Ban ce a koma zamanin da ba. Sai dai in na kira shi sau uku yana danna waya bai ɗago ba, nakan tsaya da ludayi a hannu in tambayi kaina: ranar da ruwa zai taho masa ta baya, da wace murya zan kira shi?