Sai-na-gwada

Na fara saninsa a shekarar da muka sallami keken rubutu na ƙarshe daga ofishinmu na fassara. Siririn mutum ne, da ɗan filas na ajiyar bayanan kwamfuta rataye a wuya kamar mabuɗin ɗaki. An ɗauko shi ya zaɓo mana kwamfutocin tafi-da-gidanka, ya ɗora musu Linux, manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara.

Ba ya saye da ganin kwali. Sai ya soka filas ɗinsa ya tayar da na'ura a gaban mai shago, ya ga ko ta kama intanet, ya rufe murfin ya buɗe ko za ta farka, ya haɗa ta da firinta.

"Malam, saye ka zo yi ko neman aure?" in ji mai shago.

"Sai na gwada," ya ce. Sunan ya bi shi.

A makarantar mishan an koya mana duba aiki sau biyu kafin a miƙa, don haka ya kwanta mini a rai. Abu ɗaya ya tsallake: sauti. "Ofis ne, ba gidan rawa ba," ya ce. Muka yi dariya.

Babban akawunmu, wanda kowa ke kira Baba Akawu, kullum da 'yar wayar sauraro maƙale a kunne. Mun ɗauka rediyo yake ji. Ashe idanunsa ne suka daɗe suna mutuwa, 'yarsa ta sa masa wata manhaja a tsohuwar kwamfutarsa ta ofis tana karanta masa abin da ke allo. Sabuwar kuwa ta zo bebiya. Ya ɓoye matsalar, ya ci gaba da aiki a haka. Aikinsa ya cika da kurakurai, kafin shekara ta fita ya ajiye aiki, wai ciwon baya.

Maganar ta fito ranar da 'yar ta zo roƙon tsohuwar kwamfutar, ta tarar Sai-na-gwada ya riga ya goge ta tas. Ya zauna a gabanta ya gyara sautin sabuwar kafin shayinsa ya huce. Sauƙin gyaran shi ya fi ci masa rai.

"Da ma ya faɗa," ya ce.

"Da ma ka tambaya," ta ce.

Daga ranar, sauti yake fara gwadawa. Kuma ba ya taɓa kwamfutar kowa sai ya ja shi gefe ya ce, "Me tsohuwar take yi maka da ba wanda ya sani?" Idan aka tuna masa zancen gidan rawa, sai ya tashi ya fita.

Bayan na yi ritaya na kai wa Baba Akawu ziyarar da na daɗe ina ɗagawa. Tun daga zaure na ji murya tana karatu. Na same shi yana buga fassara da sauri irin na dā, a kan kwamfuta irin tamu.

"Baba, wa ya haɗa maka?"

"Ja'irin nan da ya kore ni daga aiki. Duk Asabar yana nan, ya kawo mini aikin mutane, ya sha zagi, ya tafi." Ya shafa murfin. "Har yau bai iya ce mini yi haƙuri ba. Sai dai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, Baba, tana magana?"