Abin da Tsoho Ya Ɓoye wa Tsani

Tun yana ɗan shekara goma sha uku aka daina kiransa da sunansa. Yayarsa ce ta fara ce masa Tsani, domin duk abin da aka ajiye a saman kabad shi ake kira ya sauko da shi, shi ke canza ƙwan lantarki ba tare da ya taka kujera ba. Babansu kafinta ne. Sau biyu yana ƙara wa gadon yaron katako, a na uku ya ajiye guduma ya ce, "Kai, ka tsaya haka nan, kada ka ƙarar mini da katakon mutane."

Malamin wasanni na makarantarsu ne ya fara miƙa masa ƙwallon kwando. Da farko hannunsa kamar na aro, in an jefo masa ƙwallo sai ta doke shi a ƙirji, 'yan ajinsu su yi ta dariya. Amma Tsani yana da naci. Kafin ya cika shekara goma sha tara babu mai iya tare shi a ƙarƙashin kwando, har wata ƙungiya ta ƙasar waje ta aiko tana nemansa. Ranar tafiya babansa ya raka shi filin jirgi, ya gyara masa wuyan riga da ƙyar don sai da ya yi ɗage, ya ce, "Duk wanda ya riƙe ka da gaskiya, ka riƙe shi."

Ɗakin da aka ba shi a can yana hawa na huɗu, taga ɗaya, gado gajere, in ya kwanta ƙafafunsa a waje. Bai jin yaren mutanen, sanyi kuma ya hana shi sakat. Kocin ƙungiyar wani ɗan gajeren dattijo ne mai furfura, usur a wuya kullum, 'yan wasa suna ce masa Tsoho a gabansa da bayan idonsa. A satin farko Tsoho ya hau har ɗakin Tsani, ya dubi gadon. Washegari ya dawo da dogon gado a bayan mota, ya durƙusa ya haɗa shi da hannunsa.

Daga nan ya ɗauke shi kamar ɗa. Shi ya koya masa yadda ake kafa ƙafa a tare abokin karawa, da yadda ake juyawa a jefa da hannun hagu. Duk ranar hutun mako Tsani a gidan Tsoho yake cin abincin rana, matar Tsoho, wadda yake ce wa Mama, ta zaunar da shi da jarida tana koya masa yare, in ya yi kwaɓa ta yi dariya har da hawaye. Da babansa ya rasu ana tsakiyar kakar wasa, Tsoho ne ya kai shi filin jirgi, ya kuma je ya ɗauko shi. Tun ranar Tsani ya koma ce masa Baba.

Shekara goma sha biyu ya yi a ƙungiyar, bakwai daga ciki shi ne kyaftin. Ya auri wata mai aiki a gidan burodin da ke ƙasan benensu, suka haifi mace, yarinyar ta tashi tana ce wa Tsoho Kaka. Sau biyu manyan ƙungiyoyi suna zawarcinsa, sau biyu yana cewa, "Ba zan bar Baba ba." Abu ɗaya ne ya gagari ƙungiyar tasu: ba ta taɓa ɗaukar kofin ƙasar ba.

A shekara ta goma sha biyu suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Suka ci, amma saura minti biyu a tashi Tsani ya yi tsalle ya dira a kan ƙafar wani, gwiwarsa ta dama ta murɗe. Aka kai shi hoto. Kwana biyu bayan haka aka kira shi ofishin likitan ƙungiya, ya tarar da Tsoho zaune. Likita ya ce kumburi ne kawai, da ƙanƙara da allura zai sauka. Tsani bai ko kalli likitan ba, ya juya ga Tsoho.

"Baba, in buga wasan ƙarshe?"

Tsoho ya dafa kafaɗarsa. "Da ɗan cikina ne, da na ce ya buga."

Ya buga. An yi masa allura kafin a fara, an ƙara masa a hutun rabin lokaci. Ya yi wasan da har yau ake labarinsa, har zuwa zango na uku cikin zango huɗu na wasan. Ya juya zai jefa, sai ya ji ƙara a gwiwarsa kamar an karya busasshen icce, ya zube. Yana cikin motar asibiti aka tashi wasan, direba ne ya shaida masa sun ɗauki kofi. Washegari Tsoho ya zo asibiti da kofin, ya ɗora masa a ciki, ya riƙe hannunsa yana kuka.

Sau uku ana yi masa aiki, gwiwar ta ƙi. Yana da shekara talatin da biyu ya ajiye wasa. Bai zargi kowa ba. Ya ce haka Allah ya rubuta, ya samu aiki a wani shagon sayar da takalman wasanni, ya ci gaba da kai iyalinsa gidan Tsoho ranar hutu.

Shekara huɗu aka yi a haka. Wata rana da rana tsaka, shago babu kowa, sai ga mai tausar ƙungiyar ya shigo, wani mutum shiru-shiru da ya daɗe yana ɗaure wa Tsani idon sawu kafin wasa. A watan ne mutumin ya bar aiki da ƙungiyar. Suka gaisa, ya yi ta juya takalmi ɗaya a hannu, ba ya da niyyar saye. Can ya ciro ambulan daga aljihu ya ajiye a kan kanta.

"Kyaftin, jiya na hango ka kana saukowa daga bas da sanda. Na kasa cin abinci. Wannan rahoton hoton farko ne."

Tsani ya buɗe. Mai tausa ya nuna masa layin da yatsa: jijiyar ta riga ta yage rabi tun a wasan kusa da na ƙarshe.

"Ina cikin ɗakin ina naɗe bandeji," in ji shi. "Likita ya ce a yi maka ɗan aiki, ka huta wata biyu, za ka ƙara shekara biyar kana wasa. Ya ce in ka buga za ta iya tsinkewa gaba ɗaya. Tsoho ya ce a bari sai bayan kofi, kada a faɗa maka. Ni ma na yi shiru, ka yafe mini."

Tsani bai ce na yafe ba, bai ce ban yafe ba. Ya sa takardar a aljihu. Ya kulle shagon, ya hau bas zuwa zauren wasa.

Ya tarar an gama atisaye, Tsoho shi kaɗai a kan benci yana rubutu. Da ya gan shi ya washe baki, "Ɗana, yau kai ne a nan?" Tsani ya miƙa masa takardar. Tsoho ya sa tabarau, ya karanta layi biyu, ya ninke ta. Bai musa ba.

"Na san ka," ya ce. "Ko na faɗa maka, sai ka buga."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Shekara talatin ina jiran kofin nan. Kai ma ka so shi. Garin nan gaba ɗaya ya so shi."

"Na tambaye ka a gaban likita, Baba. Ido da ido. Sannan ka zo asibiti ka riƙe hannuna kana kuka. Kukan me ka yi?"

Tsoho ya shiga murza igiyar usur.

"Mama ta sani?" in ji Tsani.

Tsoho ya sunkuyar da kai. Wannan ya fi takardar yi wa Tsani ciwo. Shekara huɗu matar nan tana sa masa matashi a ƙarƙashin ƙafa in ya zauna a falonta, tana tambayarsa ya gwiwar. Ya karɓi takardarsa ya fita, ƙarar sandarsa kaɗai ake ji a katakon filin.

Matarsa ta ce wallahi ba za a bar maganar ba. Suka rubuta ƙorafi ga hukumar wasan. Bayan wata bakwai aka amsa musu da layi uku, cewa lokacin shigar da ƙara ya wuce, likitan kuma ya bar ƙasar. Labari ya fita a jarida. Tsani ya zaci mutanen da suka yi shekara goma sha biyu suna rera sunansa za su tsaya masa. Kaɗan ne suka tsaya. Sauran suka ce butulu ne, baƙon da aka rufa wa asiri ya zo yana ɓata sunan dattijo. Cikin tsofaffin abokan wasansa mutum ɗaya ne ya buga masa waya, shi ma cewa ya yi a bar wa Allah.

'Yarsa ta yi ta tambayar me ya sa aka daina zuwa gidan Kaka. Uwar ce ta ce mata, "Kaka ya yi wa babanki ƙarya, ƙaryar da ta hana shi gudu." Yarinyar ba ta sake tambaya ba.

Bara Tsoho ya yi ritaya, aka sa wa zauren wasan sunansa da manyan haruffa a kan ƙofa. An aiko wa Tsani katin gayyata, bai je ba. Bas ɗin da yake hawa zuwa aiki ta gaban zauren take bi. Ya jure sati guda, sannan ya koma hawa wata da ke zagayawa ta bayan kasuwa, duk da tana sauke shi nesa da shagon, sai ya ƙarasa da ƙafa yana hutawa sau biyu a hanya.

Har yanzu yana shagon. Wani lokaci mai sayen takalmi yakan gane shi, ya ce, "Ashe kai ne! Ina wurin ranar kofi, ban taɓa ganin wasa irin naka ba." Tsani sai ya ce ya gode, ya jawo 'yar kujera ya zauna yana miƙe ƙafar dama, ya tambayi mutumin lamba nawa yake sawa.