Kawu da Tsohon Filash Ɗinsa

Kawu mai hoto ne tun zamanin da ake sa wa kyamara fim. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, da labule mai zanen teku da wata kujera mai ɗingishi. Abin alfaharinsa shi ne tsohon filash baƙi, fitilar nan mai walƙiya ta ɗaukar hoto, mai nauyi kamar bulo, wanda in an kunna sai ya yi ta kukan sauro kafin ya shirya. Matarsa takan ce ko ita ba ta samun irin lallashin da yake yi wa abin nan.

Da fim ya yi wuyar samu, babbar 'yarsa ta kawo masa kyamarar dijital. Kawu bai tambayi kowa ba, ya ɗora filash ɗin a kanta, ya zaunar da tela maƙwabcinsa don gwaji. Hoto ya fito: ga hula, ga riga, tsakaninsu fari fat. Tela ya daɗe yana dubawa, ya ce rigar dai shi ya ɗinka ta, amma mutumin bai san shi ba.

Wani mai gyaran rediyo ya auna wutar filash ɗin da mita, ya riƙe baki. Ya ce a da kyamarar fim ce ke gaya wa filash ɗin haske ya isa, wannan kuwa ba sa jin yaren juna, shi ya sa yake juye duk abin da ke cikinsa. Wutarsa ma tana iya ƙona sabuwar kyamarar.

"Kawu, ka yi masa ritaya kawai."

"Ni ma ba a yi mini ba," in ji Kawu.

Sai ya raba shi da kyamarar, ya kafa shi a kan sanda, ya sa masa wani ɗan ido da ke tayar da shi in ya ga ƙaramar fitilar kyamara ta haska. Ashe ita kyamarar takan fara ƙifta haske kaɗan don awo. Tsohon filash mai zumuɗi yana ganin ƙiftawar sai ya saki nasa hasken tun ba a ɗauki hoton ba. Wannan karon tela ya fito baƙi ƙirin.

'Yar ce ta lalubo inda ake kashe ƙiftawar. Kawu ya koma rage ƙarfin filash da hannu, yana karkata shi ga silin, tela yana zaune yana hawaye saboda hasken, har fuska ta fito ras.

Hotunan gwajin suka cika bango. Masu zuwa suka fara tambayar wa ke ɗinka wa wannan mutumin kaya. Yanzu tela da kansa yake leƙowa cikin sabuwar riga, yana tambayar ko filash ba ya bukatar gwaji.