Ɗakuna Huɗu a Bayan Gidan Yayana

Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya mata biyu da kaskon suya. Da na fita takaba sai na dawo gidanmu a Azare, inda yayana yake maigida, tsohuwarmu kuma tana ɗakinta kusa da rijiya. Sana'ata matsar man gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli. A shekarun nan gyaɗa ta yi daraja, manyan motoci sun fara shigowa garin sosai, baƙi kuma suka yi yawa: direbobi, teloli, malaman ofis da aka yi wa canjin wurin aiki.

Akwai wata matar direba, Babarbariya, da take sayen mai a wurina. Wata rana ta zauna a kan turmina tana ba ni labarin yadda ita da mijinta da jaririnsu suke kwana a zauren wani mutum, an raba shi da zana. Ta ce a Kano, inda suka taɓa zama, mutum yakan gina ɗakuna ya zuba baƙi, kowa ya biya duk wata, ba mai yi wa wani gori. Ta ce da za ta sami irin wannan a nan, ko ɗaki ɗaya ne, da ta gode wa Allah. Ranar nan ne na fara jin kalmar haya a kan ɗaki. Ni a da jaki da keke na san ana haya.

A bayan gidanmu akwai kango, rabona ne daga gadon mahaifinmu. Na sayar da bijimai biyu da nake da su a hannun wani Bafulatani a Udubo, na haɗa da tasoshin aurena, na kira wani tsohon magini mutumin Giade. Rani biyu muka yi muna aikin. Ruwan kwaɓa ƙasa ni da 'ya'yana muka ɗebo shi da tulu, bayan na gama suya, hannuna duk ƙuna. Azara kuwa sai da na jira wata uku kafin a kawo mini ita. Ɗakuna huɗu suka tashi, da madafa, da banɗaki, kowane ɗaki da ƙyaurensa na langa-langa. Hanyar shiga ɗaya ce, wani lungu da ya bi ta zauren yayana.

Duk tsawon ginin nan yayana bai ɗauki ko tubali ɗaya ba, bai kuma tambaye ni me zan yi da ɗakunan ba. Sai da aka gama daɓe na je na durƙusa na gaya masa.

Ya dube ni ya ce, "Haya? 'Yar gidan nan ce za ta sayar wa baƙo da wurin kwana? Mahaifinmu ya sauki baƙi har ya mutu, ko anini bai taɓa karɓa ba. Me kike so a ce da ni a masallaci?"

Na ce, "Yaya, marayu gare ni."

Ya ce, "Marayun nan ni ne ubansu. Ki bar maganar tukuna, zan duba."

Dubawar da ya yi ita ce, ana gobe kasuwa sai ga shi da fataken shanu su shida. Ya ce baƙinsa ne, kwana biyu za su yi. Suka yi kwana biyun suka tafi, wani mako suka dawo da wasu. Haka aka cinye ranin nan kaf. Suka ɗaure jakuna a tsakar gidan da na daɓe da hannuna. Suka hura wuta a cikin ɗaki har azarar ta yi baƙi. Wani ya jingina buhun gishiri da ƙyaure ya ɓalle shi. Abincinsu kuma wa zai dafa? Ni. Yayana yakan leƙo ya ce, "A ƙara tuwo, baƙi sun ƙaru," ya juya. Da man da nake sayarwa nake yi musu miya.

Matar direban ta zo sau biyu tana tambaya. A zuwa na biyu ta leƙa ta ga jakuna, ta sayi manta ta tafi. Kunyar da na ji ranar nan ta fi ta rashin kuɗi ciwo.

Duk da haka na yi shiru, don na ɗauka da gaske yayana yake, mutuncin gida yake karewa. Sai wata safiya da na kai musu koko, wani dattijo a cikinsu ya yi mini godiya ya ce, "Allah ya yi wa gidan nan albarka. Yayanki mai masauki ne na kirki, la'adarsa ma ba ya tsanantawa."

Na ce, "Wace la'ada, Malam?"

Ya ce, "Ta masauki mana. Duk saniyar da muka sayar akwai nasa a ciki, ai haka ake yi ko'ina."

Na ajiye ƙwaryar kokon. Ashe abin da ya kira abin kunya a hannuna, shi yake ci a nasa hannun, an dai sauya masa suna. Da ɗakunana, da itacena, da bayana da yake ciwo.

Na shiga wurin tsohuwarmu na kwashe labarin na gaya mata. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ki yi haƙuri, shi ne babba." Ban taɓa ɗaga mata murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma na ce, "Inna, haƙurin nan ni kaɗai aka haifa da shi a gidan nan?" Ta sunkuyar da kai tana jan carbi.

Na jira fataken suka watse bayan kasuwa, yayana kuma ya tafi duba gonarsa ta hanyar Itas. Na aika aka kira mini magini. Na nuna masa lungun na ce ya toshe shi, ya fasa mini sabuwar ƙofa ta katangar arewa, wadda ta kalli titi.

Ya ce, "Maigida ya sani?"

Na ce, "Baba, wa ya biya ka ginin nan?"

Ya sosa gemu, ya tuɓe riga ya fara kwaɓa ƙasa. Kafin la'asar ginin da ya toshe lungun ya kai kafaɗar mutum. Ni na riƙa miƙa masa tubali.

Yayana ya dawo ya tarar da ɗanyen gini a inda ya saba wucewa. Bai zo wurina ba, wurin mai unguwa ya nufa. Washegari aka kira ni. Na zauna daga bakin zaure, lulluɓe, maza cike a ciki. Mai unguwa yana nan aka raba gadonmu, saboda haka bai ɓata lokaci ba, ya ce fili nawa ne, gini nawa ne, ba mai hana ni sa wanda nake so. A nan ne yayana ya faɗi maganar da har yau take mini zafi. Ya ce, "To, ku shaida. Mace ba miji, ta fasa ƙofarta daban, ta tara baƙin maza. Kowa ya san sunan irin wannan gida."

Cikinmu ɗaya da mutumin nan. Ya san ko kasuwa ba na zuwa, dillaliya ke kai mini mai. Ya san ƙarya yake yi, ya kuma san maganar za ta fita daga zauren nan ta bi gari, ta jira 'ya'yana a ranar da za a zo neman aurensu. Mai unguwa ya tsawata masa kaɗan, sannan ya juyo ya ce in ba yayana haƙuri, don na yi gini ban shawarce shi ba. Ni aka yi wa ƙazafi, ni kuma na durƙusa na ce, "Yaya, ka yi haƙuri." Ban san yadda kalmomin suka fita ba.

A makon nan matar direban ta tare. Bayanta wani tela da iyalinsa, sai wani malamin makaranta da matarsa, sai wata tsohuwa mai sayar da kanwa da ɗanta. Na ƙi ba gwauro ɗaki, ba don wani laifi nasu ba, sai don bakin yayana. Na koyi abubuwa da wuya. Damina ta farko ɗaki biyu suka yi yoyo, don ban san dole a sake yaɓen rufi kafin ruwa ya sauka ba. Matar tela da matar malam suka yi wata guda ba sa magana a kan sharar banɗaki, sai da na raba musu kwanaki. Wani lokaci ɗaki yakan yi wata guda ba kowa. Amma da ɗakunan nan na yi wa 'ya'yana kayan ɗaki, daga baya na ƙara ɗakuna uku, na koma ɗaya daga ciki da zama.

Maganar yayana ta bi gari kamar yadda na zata. Mata biyu suka daina sayen maina. Manemin babbar 'yata na farko ya janye ba dalili. Da ta sami wani, yayana ya ƙi karɓar waliccin, sai wani ƙanin mahaifinmu aka ɗauko daga Katagum, tsoho tukuf, a bayan mota.

Shekaru da yawa bayan haka ya kwanta ciwon ajali. Na je, na yi jinyarsa tare da matarsa, na dama masa kunu. Ana saura kwana biyu ya cika ya bi mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, ya zo kaina ya ce, "Ke ma ki yafe mini," da irin muryar da ya gaya wa wani maƙwabcinsa da ke wurin. Bai ambaci maganar da ya yi a zauren mai unguwa ba. Na ce na yafe, don ɗakin cike yake, don kuma ina tsoron Allah. Na fito waje na wanke kwanon kunun, na kife shi, na tafi gida ta titi, don lungun nan yana nan a toshe.